Kiɗan Gargajiya a Akwatin Talabijin: Nazarin Shirye-shiryen Makaɗa da 'Yan Kallonsu a Yankin Gwarzo da Kabo

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi shirye-shiryen kiɗa da waƙa na gargajiya da gidajen talabijin na Arewa suka riƙa nunawa daga shekarun 1970 zuwa ƙarshen shekarun 1990. An ɗauki yankin Gwarzo da Kabo a matsayin misali na karkarar da ta kalli waɗannan shirye-shirye. Maƙalar ta nuna yadda ɗakin ɗaukar hoto ya sauya lokacin waƙa da dandalinta da dangantakar makaɗi da jama'arsa, sannan ta jawo hankali ga haɗarin da ke fuskantar kaset-kaset ɗin da aka adana su a ciki.

1.0 Gabatarwa

Waƙar baka ta Hausa aba ce da ake aiwatarwa a gaban jama'a. Makaɗi yakan tsaya da 'yan amshinsa a fada ko a gona ko a gidan biki, yana duban fuskokin mutane, yana ƙara ɗiyan waƙa ko yana rage su gwargwadon yadda taro ya karɓe shi. Zuwan faifan garmaho da rediyo ya raba murya da mai ita. Talabijin kuwa ya dawo da surar makaɗi gaban mai sauraro, amma a cikin wani yanayi da ba a saba da shi ba. Tambayar da wannan nazari ya tasa a gaba ita ce: me ya faru da waƙar baka a wannan sabon dandali, kuma wane rabo manoman yammacin Kano suka samu a cikinsa?

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Talabijin a Arewa

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan a shekarar 1959. Gwamnatin Jihar Arewa ta bi sahu a 1962 da gidan rediyo da talabijin na Kaduna. A 1977 gwamnatin soja ta kafa hukumar talabijin ta ƙasa, wadda aka fi sani da NTA, ta tattara tashoshin da ke akwai a ƙarƙashinta. A Kano, gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, wadda ta yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ta kafa gidan talabijin na jiha mai suna CTV, wanda bayan rasuwarsa a 2010 aka sauya wa suna zuwa ARTV domin tunawa da shi.

Waɗannan tashoshi suna da buƙatar shirye-shiryen gida masu arha waɗanda jama'a za su so. Wasan kwaikwayo irin su Samanja Mazan Fama ya cike wani gurbi, kiɗan gargajiya ya cike wani. Shirin kiɗa ba ya buƙatar rubutaccen labari ko doguwar gwaji, domin makaɗi yana zuwa da waƙoƙinsa a ka, da mutanensa, da kayan kiɗansa. Ta wannan hanya aka ga fuskokin Alhaji Mamman Shata da kalangansa, da Alhaji Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa, da Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, da Haruna Uji da gurminsa, da Hajiya Barmani Choge da ƙoren amada.

3.0 Yankin Gwarzo da Kabo

Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo suna yamma da birnin Kano, a kan hanyar da ta wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero ta nufi Dayi a Jihar Katsina. Yanki ne na noman dawa da gero da masara da gyaɗa, ga kuma noman rani a kusa da madatsun ruwa irin su Guzuguzu. Garuruwa kamar Getso da Garo suna da daɗaɗɗen tarihi da sarautunsu. Kusancin yankin da ƙasar Katsina, inda Shata ya fito daga Musawa, Barmani Choge kuma ta zauna a Funtuwa, ya sa salon kiɗan da ake nunawa bai zame wa mutanensa baƙo ba.

A wancan lokaci akwatin talabijin kayan masu hali ne. Inda babu wutar lantarki, da batirin mota ko injin ake kunna shi, a ɗaga eriya a kan dogon ƙarfe ko gora. Saboda haka kallo ya zama na taro: a fito da akwati ƙofar gida bayan sallar isha'i, yara su zauna a gaba, manya a baya. Wannan tsari ya yi kama da na majigi, wanda mutanen karkara suka saba da shi tun zamanin En'e. Sai dai matan aure da ke cikin kulle ba su cika samun shiga irin wannan taro ba, don haka rediyo ya ci gaba da zama hanyarsu ta jin waƙa.

4.0 Sauye-sauyen da Talabijin ya Kawo

4.1 Lokaci

A dandali, waƙa ɗaya tana iya ɗaukar tsawon lokacin da makaɗi ya ga dama. A talabijin kuwa akwai jadawali, kuma labarai ba sa jiran kowa. Wannan ya tilasta wa makaɗi taƙaita ɗiyan waƙa, ya riƙe gindinta da 'yan ɗiyan da suka fi fito da turke. Manazarcin da ya dogara da hoton talabijin kaɗai wajen tantance tsarin waƙa yana iya ɗaukar taƙaitacciya a matsayin cikakkiya.

4.2 Dandali da Jama'a

Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun karkasa makaɗan Hausa bisa ga waɗanda suke yi wa kiɗa: makaɗan fada, da na jama'a, da na sana'a, da na maza. Kowane rukuni yana da muhallinsa. Ɗakin ɗaukar hoto ya tara su duka a kan shimfiɗa guda, gaban bango guda da aka ƙawata da zanen gargajiya ko tabarmi. Makaɗin noma ya yi kiɗa babu gona babu masu huɗa, makaɗin dambe ya wasa ɗan damben da ba ya wurin. Abin da aka samu shi ne sauti da sura, abin da aka rasa kuwa shi ne aikin da kiɗan yake yi a cikin rayuwa.

4.3 Kyauta da Yabo

Rayuwar makaɗi ta dogara ne ga kyautar wanda ya wasa, da liƙi, da kari a wurin biki. Gidan talabijin ya shigo da sabon ubangida, wato hukuma. Daga nan turken faɗakarwa ya ƙara ƙarfi. Makaɗa sun riga sun yi wa gwamnati irin wannan aiki lokacin komawa tuƙin dama a 1972, da sauya kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, da shirin ciyar da ƙasa na 1976. Zambo da habaici da batsa, waɗanda suke gishirin wasan dandali, sai aka rage su domin shirin yana shiga gidajen mutane.

4.4 Sura

A nan ne talabijin ya yi babban amfani. Ya nuna yadda ake matse kalangu a hammata domin sauya amo, da yadda jagora yake ba 'yan amshi alama da ido ko da hannu, da irin tufafin makaɗa da tsayuwarsu. Faifai da rubutu ba sa iya riƙe waɗannan abubuwa.

5.0 Kwatanci da Amurka

A Amurka ma kiɗan karkara ya bi irin wannan tafarki. Shirin Grand Ole Opry ya fara a rediyo a birnin Nashville a 1925, daga baya talabijin ya ɗauki salon. Shirin Hee Haw, wanda ya fara a 1969, ya haɗa waƙa da barkwanci a cikin sifar ƙauye da aka gina a ɗakin ɗaukar hoto. A 1971 tashar CBS ta soke shi tare da wasu shirye-shiryen karkara, domin masu talla sun fi son matasan birane, amma ya ci gaba da fita ta wasu tashoshi har shekaru ashirin da ɗoriya. Darasi biyu ne a nan. Na farko, a ƙasashen biyu birni ne yake zana hoton ƙauye sannan ya nuna wa ƙauye. Na biyu, an adana shirye-shiryen Amurka da yawa har ana sake nuna su, kuma wannan ne ya sa ake iya nazarinsu a yau.

6.0 Dusashewa da Matsalar Adanawa

Fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990 ta buɗe zamanin finafinan bidiyo na Hausa, waɗanda suka zo da waƙoƙin fiyano. Rasuwar Ɗanƙwairo a 1991, da Shata a 1999, da Barmani Choge a 2013, da Ɗanmaraya a 2015 ta rufe babin wannan rukuni na makaɗa. Abin da ya rage shi ne kaset.

Kaset ɗin maganaɗisu, irin U-matic da Betacam da VHS, ba ya jure zafi da laima da ƙura. Sinadarin da ya riƙe hoton a jikin zaren yakan lalace, zaren ya manne ko ya yi fumfuna. Injunan kunna shi ma an daina ƙera su. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya sun yi gargaɗi a kan wannan haɗari. Guntayen da ake gani a YouTube da wayoyin hannu sau da yawa ba su ɗauke da shekara ko sunan tasha ko sunayen 'yan amshi, don haka amfaninsu ga bincike taƙaitacce ne.

Akwai kuma giɓi na daban. Kyamara ta fi bin makaɗan da suka riga suka yi suna. Masu gangar noma a wurin gayya, da makaɗan 'yan mata a dandali, da mata masu waƙar daka da niƙa a ƙauyukan Gwarzo da Kabo sun kasance 'yan kallo, ba kasafai ake nuna su ba. Tarihin da aka gina a kan kaset kaɗai zai bar su a waje.

7.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa talabijin ya adana surar makaɗa, amma ya taƙaita waƙa, ya raba ta da muhallinta, ya kuma karkata turkenta zuwa ga buƙatun hukuma. Aiki biyu ne ke gaban sassan nazarin Hausa. Na farko shi ne haɗa kai da gidajen talabijin da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano domin ƙididdige kaset-kaset, a mayar da su cikin kwamfuta tare da cikakken bayanin kowane shiri. Na biyu shi ne tura ɗalibai zuwa Gwarzo da Kabo su tattauna da dattawan da suka zauna a ƙofar gida suna kallo, su kuma naɗi makaɗan gona da na biki da suka saura. Waɗanda suka yi wannan kallo suna samari a 1983 sun haura shekara hamsin a yau, saboda haka aikin ba ya son jinkiri.