Kwat, shat da laktaye: a bar ɗaya ya yi magana

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, samarin Barkiya da Kurfi ke ƙara cin karo da ranar da dole sai an sa kwat: ranar kare kundin bincike, ko ganawar neman aiki. Malam, idan kwat ɗaya kuɗinka zai saya, ɗauki shuɗi mai duhu ko ruwan toka. Baƙi na lauyoyi ne a kotu, kuma ƙurar hunturu ba ta raga masa. Kafin ka sauka daga acaɓa ya koma ruwan ƙasa.

Shat ta fi kwat haske, laktaye kuma ya fi shat duhu. Farar shat ko mai ruwan sararin samaniya, da laktaye ruwan hanta, sun wadatar. Yadda kake zaɓen hular da za ta ɗauko zaren aikin wuyan shaddarka, haka laktaye zai ɗauko launi ɗaya daga kwat ko shat. In shat mai ratsi ce, laktaye ya zama marar zane. Mai ƙyalli kuwa, bar wa angwaye.

Bel da takalmi launi ɗaya, kuma bakin laktaye ya tsaya daidai kan bel.