Kafin Ka Karɓi Garken Zomayen Wani

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yakan faru mai kiwon zomaye ya tashi ƙaura, ko bashi ya matsa masa, ko ƙarfinsa ya ƙare, sai ya sa garkensa duka a ciniki: iyaye da ƴaƴa da akurki da kwanonin abinci. Wani lokaci kuma gado ne ya faɗo wa mutum. Abin akwai ban sha'awa, domin maimakon ka fara da zomo biyu ka jira shekara, za ka wayi gari da ashirin. Amma garke ba ya zuwa shi kaɗai. Yana tahowa da cututtukan gidan da ya baro, da tsofaffin da suka daina haihuwa, da irin abincin da cikinsu ya saba da shi. Waɗannan abubuwa ba a ganinsu a ranar ciniki, sai wanda ya san inda zai duba.

Tambaya kafin ciniki

Kada ka yarda a kawo maka zomaye cikin kwali. Ka taka da ƙafarka zuwa gidan mai su, da sassafe, kafin a yi shara. Ka dubi kashin da ke ƙarƙashin akurki. Na lafiyayyen zomo busasshe ne, dunƙule-dunƙule. In ka ga mai ruwa ko mai majina, akwai zawo a gidan. In ka ga akurki da yawa babu kowa a ciki, ka tambayi inda mazaunansu suka tafi.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: zomo nawa suka mutu a watan da ya wuce, kuma yaya suka mutu? Muna nanata wannan saboda akwai wata annoba ta zomaye mai sa zubar jini a cikin jiki. An fara ganinta a ƙasar Sin a 1984, wani sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, kuma a 2020 ta halaka zomaye da yawa a maƙwabciyarmu Najeriya. Zomo yana cin abincinsa da dare, da safe a iske shi a mace, wani lokaci da jini a hanci. Ba ta da magani, sai allurar rigakafi. Ƙwayarta tana iya yin watanni da rai a jikin katako da buhu da takalmi. Saboda haka in an ce maka manyan zomaye sun yi ta faɗuwa farat ɗaya, ka bar garken, ka bar akurkin, ko da kyauta ne. In ka koma gida ka wanke hannu da takalmi kafin ka kusanci naka.

Duba su ɗaya bayan ɗaya

Kada gaggawar mai sayarwa ta hana ka ɗaukar kowane zomo a hannu. Ba a ɗaga zomo da kunnuwa, ko da yake haka muke gani a kasuwa. Ka kama fatar bayan wuya da hannu ɗaya, ka tallafi ƙugunsa da ɗayan.

Ka leƙa cikin kunne. Ɓawo mai kauri a ciki ƙazuwa ce, kuma tana fitowa a hanci da yatsun ƙafa. Tana yaɗuwa, amma likitan dabbobi yana da allurarta, don haka dalili ce ta rage kuɗi, ba ta fasa ciniki ba. Mura ta fi ta wuya. Zomo mai mura yana goge hanci da ƙafafun gaba, shi ya sa za ka iske gashin cikin ƙafafun ya jiƙe ya cure. Irin wannan yakan yi kamar ya warke, ya ci gaba da harbin sauran. Mu dai ba mu ba da shawarar a ɗauke shi. Sai ka duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai ƙazanta, ka buɗe leɓe ka ga haƙora. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, kuma in na sama da na ƙasa ba su haɗu daidai ba, sai su yi tsawo su hana shi ci. Wannan aibi ana gadonsa, don haka mai shi na tukunya ne, ba na iri ba.

Shekaru sun fi wuyar ganewa. Dogayen farce masu kauri da lanƙwasa alamar tsufa ce. Mace tana fara ɗaukar ciki tana wata 5 zuwa 6, kuma bayan shekara 3 haihuwarta takan ja baya. Tsohuwa tana cin dusa daidai da budurwa, amma ba ta biyan kuɗin dusar.

Wa ya haifi wa?

A nan ne yawancin masu saye suke barci. A gidaje da yawa namiji ɗaya ne yake hawan kowa shekara da shekaru, har ƴaƴansa da jikokinsa. Sakamakon shi ne ƴaƴa kaɗan, ƙanana, masu saurin mutuwa. Ka zauna da mai garken da littafi da alƙalami, ka sa wa kowane akurki lamba, ka rubuta: uwar wannan, ubanta, sau nawa ta haihu, nawa ta yaye. In bai sani ba, ka ɗauka duk dangi ne, ka nemo namiji daga wani gida mai nisa. Namiji ɗaya ya ishi mata 8 zuwa 10, saura ka sayar ko ka yanka.

Ka tambayi ranar da aka kai kowace mace wurin namiji. Cikin zomo kwana 31 ne, yakan ƙaru ko ya ragu da kwana ɗaya. A kwana na 28 ake sa mata akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa. Wanda bai san ranar ba zai tashi ya iske jarirai tsirara a kan waya, sanyi ya kashe su. Macen da ta kusa haihuwa, da wadda ƴaƴanta ba su kai wata ɗaya ba, gara ka roƙi mai su ya riƙe maka su har a yaye.

Ranar ƙaura da watan farko

Zomo ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwa yake fitar da zafi. In zafi ya wuce digiri 30 yana rage ci, in ya wuce 35 yana iya mutuwa. Kowa ya san yadda Afrilu da Mayu suke a Tawa da Damagaram. In da hali a bar ƙaura sai lokacin sanyi. In ta zama dole, a yi ta da asuba, cikin kwando mai shan iska, kada a cusa su a buhu, kada a haɗa maza biyu wuri ɗaya.

Tsohon akurki a kankare shi, a wanke da sabulu, a bi shi da ruwan jabel, a shanya a rana. Katakon da ya ruɓe da fitsari a ƙone shi. In kana da zomaye tun da, baƙin su zauna nesa da su, a inuwa, har kwana 30, da kwanoninsu dabam. Kullum ka fara ciyar da naka na gida, sannan ka je wurin baƙi.

Ka sayi abincin mako ɗaya daga hannun mai su, irin wanda suka saba. Cikin zomo ba ya son sauyi kwatsam. Wanda ya saba da harawa da dusa, in ka cika masa kwano da ɗanyen salati ko ganyen dankali rana ɗaya, zawo zai biyo baya, kuma waɗanda aka yaye kwanan nan su ne za su fara mutuwa. Ka riƙa ƙara sabon abinci kaɗan-kaɗan, ka bar ɗanyen ganye ya sha iska tukuna. Ruwa kuwa kada ya yanke. Maganar da ake yi cewa zomo ba ya shan ruwa ba gaskiya ba ce, kuma mai shayarwa ta fi kowa bukatarsa.

In wani ya kwanta ciwo, kada ka ruga wurin mai tallar magani. Wasu ƙwayoyin da muke sha, irin su amoksisilin da ampisilin, in zomo ya sha su suna kashe ƙananan halittun hanjinsa masu narkar masa da abinci, sai maganin ya zama ajalinsa. Ka ware shi, ka kira ma'aikacin kiwo na yankinku, ka nuna masa littafin da ka rubuta. In kwana 30 sun cika babu mura, babu zawo, babu mutuwa, sai ka fara barbara. Mace ake kaiwa akurkin namiji, domin a ɗakinta faɗa za ta yi da shi. Ka rubuta ranar a gaban lambarta.