Rage bashin gida ko gyaran rufi?

Tambaya: Ina biyan bashin Asusun Gidaje na Ƙasa, ga rarar kuɗi ta samu. In rage bashin, ko in gyara rufin da ke yoyo?

Amsa: Malam, fara da rufin tun damina ba ta kankama ba. Ruwan bashin nan kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, alhali hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 a 2024. Kwano da siminti sun fi bashinka gudu, yoyo kuwa silin da katako zai ci. Sai ka ware kuɗin makaranta da cefanen wata uku. Ragowar ka kai banki, amma a rubuta maka cewa daga uwar kuɗi za a cire, ka kuma tambaya ko akwai tarar biya da wuri.