Amsoshin Tambayoyinku: Kakanmu Daga Arewa Ya Zo, Ta Ina Zan Fara Neman Salsalarmu?

TAMBAYA

Ni malamin makaranta ne a Dutsin-Ma. A nan aka haife ni, amma mahaifina, Allah ya jiƙansa, haifaffen wani ƙauye ne a ƙasar Kurfi. Mun taso muna jin cewa kakanmu baƙo ne, ya zo daga arewa tun yana saurayi, wasu su ce daga Maraɗi. Ko sunan mahaifinsa ba mu sani ba. Kwanakin baya na ga wani shiri a talabijin, inda jikokin mutanen Ayilan da suka yi ƙaura zuwa Amurka ke bin sawun kakanninsu har ƙofar gidan da suka baro. Abin ya tsaya mini a rai. Mu da ba mu gaji ajiye takardu ba, za mu iya yin haka? Ta ina zan fara?

Daga wani mai karatu, Dutsin-Ma.

AMSA

Allah ya gafarta wa mahaifinka da kakan naka. Za ka iya, sai dai hanyarka da tasu ba ɗaya ba ce, kuma kai lokaci ya fi ƙure maka.

Bari in fara da su, tunda su suka tayar maka da tsumi. Tsakanin 1845 da 1852 wata cuta ta cinye dankalin da talakawan Ayilan ke rayuwa a kansa. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wani miliyan ɗaya ko fiye suka bi jiragen ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Cikin waɗanda suka fita a shekarun nan har da kakan mahaifin Shugaba Kennedy, shugaban da ya je ya gaida danginsa a Dunganstown a 1963, da wani kakan Obama na wajen uwa, mutumin ƙauyen Moneygall, inda shi ma ya je a 2011. Kada ka ɗauka a ɓagas suka samu. A 1922, cikin yaƙin basasarsu, babbar ma'ajiyar takardun gwamnati ta Dublin ta ƙone, takardun ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851 suka tafi, sai 'yan guntaye. Tsince-tsince suka koma yi: rajistar coci, jerin masu hayar gonaki, sunayen fasinjojin jirgi. Abin da ya cece su shi ne sunan gida guda ɗaya da uba ke bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika, ba ya sauyawa.

Mu kuwa sunanmu yana sauyawa daga uba zuwa ɗa. Kai da sunan mahaifinka kake amsawa, ɗanka da naka zai amsa, jikanka ba zai ɗauki komai na kakanka ba. Da makarantun boko suka zo sai aka riƙa rubuta yaro da sunan garinsu, shi ya sa muka san Isa Kaita da Amadu Kurfi da Shehu Shagari. Saboda haka mutum biyu masu amsa Kurfi a takarda ba lalle su haɗa ko da maƙwabtaka ba. Ka manta da bin suna. Mutane za ka bi.

Ka fara da kanka, ka riƙa ja da baya, tsani bayan tsani. Masu farawa daga sama, su ce ai mu jinin sarki wane ne, sannan su nemi igiyar da za ta sauko da su, ba su cika ƙarewa da gaskiya ba. Sayi littafi mai kauri. Shafi ɗaya na mutum ɗaya: sunan yanka, laƙabi, inda aka haife shi, sana'arsa, matansa da garuruwansu, 'ya'yan kowane ɗaki, inda aka binne shi. A ƙasan kowane bayani ka rubuta wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa. Wannan layin na ƙasa shi zai raba aikinka da hirar dandali.

Sai ka nufi tsofaffin mata. Na san mu maza mun saba tambayar maza, amma a wannan fage da tsohuwar zuma ake magani, kuma zumar tana cikin gida. Namiji zai jero maka wane ɗan wane ya tsaya. Gwaggo ita ta san wace aka auro daga ina, wace ta fita da ciki, wane ne ɗan riƙo, wane ne agola, waɗanne baƙi ke zuwa da rani da buhun gero a ce musu 'yan'uwan Malam. Idan akwai wadda ta rage cikin matan kakanka ko ƙannensu, ka yi sa'a, domin wasan jika da kaka zai buɗe maka ƙofar da mahaifinka bai isa ya taɓa ba. Kada ka je mata da takarda da biro kamar mai karɓar haraji. Ka riƙe mata goro da turare, ka zauna bakin tabarma, ka nemi izininta ka kunna naɗin murya a waya, ka ajiye wayar gefe. Kada ka ce "ba ni tarihin gidanmu", za ta ce ba ta san komai ba. Tambaye ta ranar da aka kawo ta gidan, wa ya yi mata wankan amarci, wa ta tarar, wace irin Hausa tsohon yake yi, me yake cewa idan ransa ya ɓaci. Daga nan zare zai kama.

Za ka ci karo da alkunya. Ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na surukinta ko na ɗan farinta ba. Kada ka matsa. Za ta ce maka "mai sunan limamin unguwarku", kai sai ka gane. Ita alkunyar ma tana ajiye suna. Duk inda ka ga Abba ko Baba ko Ummi ko Mama a gidanku, tambayi sunansu na yanka, sannan ka tambayi wa aka yi wa takwara. Mai yiwuwa sunan uban kakan nan da kake nema yana nan a wuyan babban wan mahaifinka, shekara saba'in ana kiransa Baba ba wanda ya tambaya.

Shekaru kuma, kada ka dogara da takardar rantsuwar haihuwa, kowa ya san yadda ake samo ta. Tsofaffi da abin da ya faru suke lissafi. Yunwar Kakalaba ta 1914 ce, annobar Marisuwa 1918, 'Yar Buhu 1927, 'Yar Gusau 1942. Sarki Dikko ya hau gadon Katsina a 1906, ya rasu a 1944 Usman Nagogo ya gaje shi. An kashe Sardauna a Janairun 1966, an koma tuƙin dama a 1972, naira ta zo a 1973. Idan aka ce kakanka ya iso bayan 'Yar Buhu da damina biyu, gemunsa bai fito ba, ka riga ka san shekarar zuwansa da kusan ta haihuwarsa.

Yanzu maganar Maraɗi, kuma a nan nake so ka yi hattara. Sarautar hakimin Kurfi ita ce Maraɗin Katsina, wadda marigayi Alhaji Amadu Kurfi ya daɗe yana riƙe da ita. Idan tsoho a Dutsin-Ma ya ce ku mutanen Maraɗi ne, tambaye shi wanne: birnin da ke Nijar, ko talakawan Maraɗi hakimi? Kalma ɗaya tana iya tura ka tafiyar da ba ta zama dole ba.

Idan ya tabbata birnin ne, to akwai labari a bayansa. Da masu jihadi suka karɓi Birnin Katsina a 1807, ƙarƙashin Malam Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa da Na Alhaji, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar 'Yandaka ta garinku, sarakunan Haɓe da jama'arsu suka yi arewa, har suka kafu a Maraɗi wajajen 1819 a zamanin Ɗan Kasawa. Gobirawa kuma suka zauna kusa da su a Tsibiri. Wato da yawa daga mutanen Maraɗi Katsinawa ne tun asali, don haka wanda kuke kira baƙo wataƙila gida ya dawo. Bayan Ingila da Faransa sun shata iyaka a farkon ƙarni na 20, mutane suka yi ta gangarowa kudu. Wasu yunwa ta koro su, wasu gudun harajin Faranshi da ɗaukar soja da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946, wasu kuma almajirci ko cin rani ya kawo su, aure ya zaunar da su. Sanin shekarar zuwansa zai nuna maka wanne ne ya fi kama da dalilinsa. Ka kuma sani "daga Maraɗi" a bakin mutanenmu yana iya nufin Madarunfa ko Tasawa ko wani ƙauye can ciki. Sunan ƙauyen ne abin nema.

Fuskar kakanka ma takarda ce. Idan akwai hotonsa na fasfon Makka, kai wa tsohon wanzami, ko ka sa a kwatanta masa tsagar. Ta Gobirawa, mai yawa daga gefen baki zuwa kunne, ba ta ɓuya, kuma wanzami ya san ta Katsinawa da ta Barebari da ta Agalawa. Tambayi kuma da wa yake wasan taubasantaka. Wanda ke tsokanar Yarabawa a kasuwar Laraba ya nuna Gobir, mai tsokanar Nufawa ya nuna Katsina, mai wasa da Barebari ya nuna Fulani. Haka sana'a. Gidan rini, kamar yadda aka san Karofi da shi, ko gidan ƙira, ko na jima, sukan san 'yan'uwansu a garuruwa masu nisa.

Ka ce ba mu gaji ajiye takardu ba. Ban yarda da kai duka ba. Buɗe gafakar tsohon, ka duba bangon Alƙur'aninsa da gefen littattafansa, malamai da yawa a nan suke rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. Duba ƙasan adaka ko akwai rasiɗin haraji ko na jangali, ko takardar rabon gado daga kotun alƙali. Gona ma shaida ce. Baƙo ba ya saran daji sai da izini, don haka je gidan mai unguwa da na magajin ƙauyen ka tambayi wa ya ba kakanka masauki, wa ya yanka masa gona. Jikokin maimasaukinsa sukan riƙe abin da ku kuka manta, domin a wurinsu abin alfahari ne.

Bayan ka gama da gida ne za ka tafi Hukumar Tarihi da Al'adu a Katsina, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna. Ka tuna Katsina tana ƙarƙashin lardin Kano har 1926, sannan na Zariya, ba ta zama lardin kanta ba sai 1934, kuma gundumomi sau da yawa da sunan sarautar hakimi ake rubuta su, don haka ka nemi 'Yandaka, ba Dutsin-Ma kaɗai ba. Kada ka sa rai da ganin sunan talaka. Rahotannin jami'an Turawa kan haraji suna ba da sunayen ƙauyuka da masu riƙe da su da irin mutanen da ke ciki, wani lokaci har da labarin kwararowar baƙi daga ƙasar Faranshi. Littafin Dakta Yusufu Bala Usman kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883 zai nuna maka yadda jama'a suka yi ta kai da kawo a yankin nan. Gwajin ƙwayar halitta da ake tallatawa a intanet kuwa, ba zai faɗa maka sunan uban kakanka ko na ƙauyensu ba, ajiye kuɗinka ka yi na mota.

Abu ɗaya nake roƙonka. Duk abin da ka tarar, kada ka yi masa kwalliya. Za ka iya tarar da malanta, za ka iya tarar da bauta, ko gudun bashi, ko gidan da bai daɗe da musulunta ba. Akwai abin da za a faɗa maka don ka sani, ba don ka yaɗa ba, sai ka riƙe amana. Amma ƙirƙiro sharifta ko sarauta zalunci ne ga mutumin da ya taka ƙasa da ƙafarsa ya zo ya kafa ku, kuma addini ya yi kashedi mai tsanani a kan jingina kai ga wanda ba ubanka ba. Inda ruwayoyi biyu suka saɓa, rubuta duka biyun da sunan masu su. Inda zare ya tsinke, bar gurbin a buɗe, wataƙila ɗanka ya cike.

Na ce lokaci ya ƙure maka, ga dalili. Ina da gwaggo da ta san gidanmu ɗaki-ɗaki har kaka na biyar. Kullum na je gaishe ta sai ta fara, ni kuma ina duban agogo, ina cewa sai na dawo da hutu mu zauna sosai. Ranar da na dawo da littafin, a zaman makokinta na buɗe shi, na bi tsofaffin da suka zo gaisuwa ina tambaya, kowa ya ce ai ita ce ta sani. Yau kuma ga halin da ƙauyukan Kurfi da Safana da Batsari da Dutsin-Ma suka shiga na rashin tsaro, garuruwa sun zama kufai, tsofaffin da aka san inda suke zama sun watsu gidajen 'ya'ya a birni. Kada ka jefa kanka cikin hatsari don zuwa ƙauye, da yawansu suna nan kusa da kai a cikin gari. Ka nemi mafi tsufa a danginku a wannan makon, ka naɗi muryarta, ka tura wa 'yan'uwanka biyu ko uku su ma su ajiye. Idan ka samo sunan ƙauyen, ka sake rubuto mana mu duba yadda za ka tsallaka. Allah ya sada ka da danginka.