ZATO YAKAN JAWO ROTSE

Kai maigida, ka saurara. Da kaka, ba masu zazzaɓi kaɗai muke gani a ɗakin shan magani ba. Mukan ɗinke rotse da saran lauje, mu ɗaure karaya. In ka tambayi wanda ya yi dukan, sai ya ce, "Ai da gangan ya yi mini."

Ga misali. Akuyar maƙwabci ta cinye maka wake. Watakila igiya ce ta tsinke, watakila sakinta aka yi. Kai dai ba ka gani ba. Wani sai ya ce tsautsayi ne, ya je ya tambaya. Wani kuwa nan take ya ce raini ne, ya ɗauki sanda. Ɓarnar ɗaya ce, zato ne ya raba su.

Masana sun gwada wannan. A 1980 wani malami a Amurka, Kenneth Dodge, ya gwada yara maza masu yawan faɗa. In aka ɓata musu abu, ba a san ko ganganci ne ko kuskure ba, sai su rama kamar mugunta aka yi musu. Daga baya aka tarar manya ma haka suke.

Da zarar ka ɗauka an nufe ka da sharri, jiki ya shirya faɗa. Zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya ƙaru, jini ya hau. Sai hannu ya riga tunani. Wanda ka doka ya rama, ka ce, "Ai na faɗa, ba ya ƙaunata," alhali kai ka fara. Giya da ƙwaya da rashin barci duk suna ƙara wa wannan wuta itace.

To, ga abin yi:

1. In ranka ya ɓaci, ka ajiye sanda, ka bar wurin, ka sami wuri ka zauna.
2. Ka nemi dalili biyu da za su iya jawo abin, ban da mugunta.
3. Ka tambayi mutumin bayan ka huce.
4. In ɓarna ce ta gaske, ka kai wa mai unguwa.

Amma in wani a gidanka ya shiga zargin kowa, yana cewa ana sa masa guba, ko yana jin muryoyi, wannan ciwo ne, yana da magani. Kada a ɗaure shi, kada a doke shi. A kawo shi asibiti.

Ka tuna, da-na-sani ƙeya ce, a baya take.