Ledar da ke Auna Jinin Haihuwa

Jama'a, da yawanmu mun ɗauka aikin likitan asibitin koyarwa bai wuce duba marasa lafiya da koyar da ɗalibai ba. Akwai aiki na uku da ba a cika ganinsa ba, shi ne bincike. A sashen lafiyar mata da haihuwa kuwa, binciken nan yawancinsa ƙirge ne da awo: mata nawa suka haihu, nawa suka rasu, me ya yi sanadi, da me za a tare shi.

Ba yau aka fara wannan aiki a ƙasarmu ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya daga 1976 zuwa 1979, suka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne, mace-macen sun fi yawa ƙwarai a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake ɗauko su ranga-ranga. Kowace ungozoma ta san haka a ranta. Amma sai da aka rubuta shi da alƙaluma hukuma ta rasa bakin musu.

To, mu zo kan zubar jini bayan haihuwa, wanda shi ne kan gaba wajen kashe masu jego a duniya. A ƙa'idar likitoci, jini ya kai mililita 500 an shiga haɗari. Mililita 500 fa cikin ledar fiya wata guda ce, ba wani bokiti ba. Matsalar ita ce ido ba mudu ba ne. Jinin nan wani ya jiƙe zani, wani ya bi katifa, wani ya zuba ƙasa an goge da tsumma. Ma'aikaciyar da ta kwana tsaye a kan mata biyar sai ta duba ta ce da sauƙi. A gida ma abin ya fi muni, don za ka ji tsofaffi na cewa a bar shi ya fita, ai datti ne. Kafin a farga mai jego ta fara ganin jiri, tafin hannunta ya yi fari fat, jikinta ya yi sanyi.

Wannan ne ya sa Jami'ar Bamingam ta Ingila ta haɗa kai da wasu jami'o'in Afirka aka yi gwajin da ake kira E-MOTIVE, a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. Dabarar ba ta da wata tsada. Leda ce ake shimfiɗa wa mace da zarar jariri ya faɗo, ƙasanta kamar mazurari, an ja mata layukan awo. Duk abin da ya zuba nan yake taruwa, kowa na gani. Da ya kai layin haɗari ba a tsayawa shawara, ba kuma a gwada magani ɗaya a zauna jiran a ga ko zai yi. A lokaci guda ake murza mara don mahaifa ta tsuke, a yi allurar tsuke mahaifa, a ba da maganin tsayar da jini, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba ko an ƙaru ko wani abu na mabiyiya ya maƙale. In bai tsaya ba a kira babban likita.

Da sakamako ya fito a 2023, an ga zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Inda ake aiki da ido, kusan rabin masu zubar jini kawai ake ganewa. Inda aka shimfiɗa ledar, fiye da 9 cikin 10. Magungunan nan dama akwai su a asibiti tun da daɗewa. Gane lokacin ba da su ne ya yi ƙaranci.

Saboda haka, uwargida, in kin je awo aka ce ana wani bincike ana neman yardarki, kada ki zabura ki ce za a mai da ke abin gwaji. Ki ce a yi miki bayani da Hausa, ki tambayi abin da za a yi miki da abin da za a rubuta a kanki. Kina da ikon cewa a'a, kuma ƙin yardarki ba zai hana a duba ki ba. Kai kuma malam, tun ciki na wata bakwai ka san motar da za ta kai matarka asibiti, ka san ɗan'uwan da zai ba da jini in an buƙata. Maganin tsayar da jinin nan ya fi aiki ne cikin awa 3 na farko bayan haihuwa.