Zaure Ɗaya Ga Manhajojin Ma'aikata

Jama'a, a yau da wuya a sami ma'aikata, ta gwamnati ko ta 'yan kasuwa, wadda ba ta gudanar da aikinta ta shafukan intanet. Jami'a guda sai ka ga tana da shafin rajistar ɗalibai, da na sakamakon jarrabawa, da na biyan kuɗin makaranta, da na laburare, da na albashi. Yawanci kowane shafi ɗan kwangila daban ne ya gina shi, a shekara daban, kuma kowanne ya buɗe nasa kundin sunaye da kalmomin sirri. To, daga nan ɓarakar take somawa.

Ma'aikacin da aka ɗora wa kalmomin sirri biyar ba zai riƙe biyar ba. Ɗaya zai zaɓa ya yi ta amfani da ita ko'ina, ko ya rubuta su a takarda ya cusa ƙarƙashin allon bugu. Ranar da masu kutse suka fasa mafi rauni cikin shafukan nan, sun sami hanyar shiga sauran ke nan. Wannan kowa ya san shi. Abin da aka fi sakaci da shi, wanda kuma a ganina ya fi haɗari, shi ne asusun mutanen da suka tafi. Wani ya yi ritaya, an yi wa wani canjin wurin aiki, an sallami wani, ɗan hidimar ƙasa ya gama shekararsa ya koma garinsu. Ofishin kula da ma'aikata ya rufe fayil, amma sunayensu na nan a raye cikin shafi huɗu ko biyar, domin babu wanda ya san wuraren da ya kamata a bi a goge.

Kada a ɗauka ƙananan ma'aikatu kaɗai wannan yake ci. A watan Mayu na 2021 masu kutse suka kai hari kan kwamfutocin Colonial Pipeline, kamfanin bututun da ke kai mai daga Teksas zuwa gabashin Amurka. Ta wani tsohon asusu suka bi, wanda an daina aiki da shi amma ba a rufe ba, kuma kalmar sirri kaɗai ke tsare da shi. Bututun ya tsaya cik na kwanaki, aka yi ta layi a gidajen mai, kamfanin kuma ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4.

Mece ce mafita?

Duba gidan Bahaushe na gargajiya. Komai yawan sassa da ɗakunansa, ƙofar shiga ɗaya ce, wato zaure. Nan baƙo zai yi sallama, nan za a san ko wane ne shi, nan kuma za a yanke ko zai wuce ciki ko iyakarsa shimfiɗa. Haka masana suka tsara wa manhajoji. Ana keɓe kwamfuta guda, mu kira ta sabar tantancewa, a damƙa mata kundin sunaye baki ɗaya. Sauran shafukan su daina ajiye kalmar sirrin kowa.

Ga yadda abin yake tafiya. Akawu ta buɗe shafin albashi. Shafin ya duba ya ga bai san ta ba, sai ya tura burauzarta zuwa sabar tantancewa. Can za ta rubuta sunanta da kalmar sirrinta, can kuma za a nemi shaida ta biyu. Idan komai ya yi daidai, sabar ta maido ta shafin albashi ɗauke da wata 'yar lamba mai gajeren rai, wadda ake amfani da ita sau ɗaya tak. Shafin albashi ya bi ta bayan fage ya miƙa wa sabar wannan lamba, ita kuma ta ba shi tikiti. A jikin tikitin an rubuta ko wace ce matar, da wanda ya bayar da shi, da shafin da aka yi shi dominsa, da lokacin da zai mutu. Sabar tana buga masa hatimi da wani mabuɗin lissafi da ita kaɗai ke riƙe da shi, shafukan kuma suna da abokin mabuɗin, wanda yake iya gane hatimi amma ba ya iya buga shi. A lura da kyau, shafin albashi bai taɓa ganin kalmar sirrin matar nan ba. In ta wuce shafin neman hutu, ba za a sake tambayarta komai ba, domin sabar ta riga ta shaida ta.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1980 jami'ar MIT ta fito da tsarin tikiti mai suna Kerberos, wanda Microsoft ya ɗauka a Windows 2000. Da aiki ya koma kan shafukan intanet sai aka sami ƙa'idar SAML, wadda bugu na biyunta ya fito a 2005, sannan OAuth 2.0 a 2012, da OpenID Connect a 2014. Duk wanda ya taɓa shiga wani shafi da asusunsa na Google ko Facebook, irin wannan hanya ya bi. Ma'aikatar da take son riƙe kundinta a hannunta tana iya kafa Keycloak, manhajar kyauta da Red Hat ya fitar a 2014. Wadda ba ta da ma'aikatan kula da saba tana iya yin haya wurin Okta ko Microsoft.

Sanin mutum daban, ba shi izini daban

Tambaya biyu ce a nan, kuma mutane da yawa suna cuɗa su. Ta farko: wane ne kai? Ta biyu: me aka yarje maka ka yi? Malamin da sabar ta shaida an yarje masa shigar da makin ɗalibansa, ba a yarje masa duba albashin shugaban sashe ba. Hanyar da ta fi sauƙin riƙo ita ce a rataya izini a kan muƙami, a sa mutum cikin muƙamin, ranar da ya bar kujerar a cire shi. Kuma a bai wa kowa gwargwadon abin da aikinsa yake bukata. A nan ne kunya take yi mana illa. Mai gida ya ce a buɗe masa komai, ƙaramin ma'aikacin kwamfuta ba zai iya cewa a'a ba, alhali asusun manya shi masu kutse suka fi nema. Ya kamata doka rubutacciya ta ma'aikata ta ɗauke wa yaron nan wannan nauyi.

Magina shafuka su ma da nasu aikin. Tikiti ba ya tsare kowa in shafin bai duba shi ba. Wajibi ne a duba hatimi, da lokaci, da ko wannan shafin aka yi wa tikitin, kuma a yi haka a kowace buƙata. Ɓoye maɓalli daga idon mutum ba hana shi ba ne.

Wani zai ce, "To Malam, in aka fasa wannan saba ai an fasa komai." Gaskiyarka, kuma ya taɓa faruwa. A 2023 masu kutse da suka sami wani mabuɗin hatimi na Microsoft suka riƙa buga tikitin jabu da shi, har suka karanta wasiƙun jami'an Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka. Amsar ita ce, tsare wuri guda da kyau abu ne mai yiwuwa, tsare wurare goma da mutum goma suka gina kuwa ba ya yiwuwa. Sharaɗin shi ne a tsare shi ɗin da gaske. A sabunta manhajar duk lokacin da aka fitar da gyara. Shafin masu kula da sabar kada ya buɗu ga duk duniya. A riƙa sauya mabuɗin hatimi, a kuma gajarta ran tikiti. Keycloak minti 5 yake ba shi in ba a canza ba, don ko an sace ya mutu da wuri. Sannan tun da faɗuwar sabar tana nufin ba mai shiga ko'ina, a kafa biyu a wurare daban, kowace da wutarta. Agogon kwamfutocin ma a daidaita su, domin in sun saɓa za a ƙi karɓar tikiti mai kyau, a wuni ana neman laifi inda babu.

Shaida ta biyu kuwa iri-iri ce, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Lambar da ake turowa ta saƙon waya ta fi babu, amma mun san yadda 'yan damfara suke yi wa layin mutum walkam bak su karɓe saƙonninsa. Manhajar da ke fitar da lamba shida mai canzawa kowane daƙiƙa 30 ta fi ta. Wanda ya fi duka shi ne mabuɗin da aka gina kan ƙa'idar WebAuthn ta 2019, domin yana ɗaure da ainihin adireshin shafin, ba ya amsa wa shafin bogi ko da mai shi ya ruɗu. Kai kuma ma'aikaci, in wayarka ta nemi ka amince da shigar da ba kai ka yi ba, kada ka danna don ta ƙyale ka. Ta haka aka shiga Uber a 2022. Aka yi ta damun wani ɗan kwangila da saƙon neman amincewa har ya amince.

A Nijeriya al'amarin ya zama na doka. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta wajabta wa ma'aikata ta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 in aka yi mata kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ma'aikatar da ke da sabar tantancewa tana da kundi guda da ke nuna wanda ya shiga, da lokacin, da inda ya fito, don haka tana da abin faɗa a cikin waɗannan kwana uku. Sai dai kundin sunayen ba ya gyara kansa. A sa ofishin kula da ma'aikata ya aika wa sashen kwamfuta sanarwa ranar da aka sa hannu kan takardar sallama, kuma kowane wata uku a miƙa wa shugaban kowane sashe jerin masu izini a ƙarƙashinsa, ya soke wanda bai gane ba, ya sa hannu kan sauran.